Ƙofar gareji mai hawa sama: in ba mai waldana ya ɗaura ko in jira masu kamfani?

Abban_Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Ginina na Kaduna ya kai wajen sa ƙofofi, to garejin na sayo masa ƙofar nan mai gaɓa-gaɓa wadda take hawa sama ta kwanta a ƙarƙashin silin, mai rimot, faɗinta ƙafa 16 tsayi ƙafa 7. Wanda ya sayar min ya ce sai dai yaransu su taso daga Abuja su ɗaura, kuma da na haɗa kuɗin aiki da na mota da na masauki abin ya yi min nauyi gaskiya ga gini ya cinye aljihu. Shi kuma mai waldana wanda ya yi min get da tagogi duka, mutum ne mai hannu wlh, ya duba kwalayen ya ce ai littafin haɗawa na ciki da hotuna, zai iya a kwana ɗaya. Shin akwai wata matsala in na ba shi? Ina da yara ƙanana shi ya sa nake tambaya.

Sani_Rimi:
Wa alaikumus salam. Ba shi kawai Alhaji, 'yan kamfanin nan tsoratar da mutane suke don su ci kuɗi, ƙofa ai ƙofa ce.

Injiniya_Bash:
Malam Sani ba haka ba ne, wannan ba irin get ɗin da muka saba ba ne mai gudu a ƙasa ko mai hinji. Abban Nana ka ɗaga gaɓa ɗaya ka ji nauyinta, sannan ka tuna guda huɗu ne ko biyar za a haɗa, ƙofa mai wannan faɗin in mai soso a ciki ce tana iya kaiwa kilo 100 ko ta wuce, kuma duk wannan nauyin a saman kan mutane da mota yake rataye in an buɗe. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba injin ne yake ɗaga ta ba. Sifirin ɗin nan dogo da ka gani a kwali, wanda ake zurawa a jikin bututun ƙarfe a saman ƙofar, shi ne ɗan dakon, injin jagora ne kawai. Ana murɗa sifirin ne har ya tara ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ƙofar, ƙarfin ya bi ta bututun zuwa wasu gangunan ƙarfe biyu a gefe da gefe, su kuma su naɗe wayoyin ƙarfe da suka sauka har gindin ƙofar. To wajen murɗa sifirin nan ne ake karya hannu da haƙora da muƙamuƙi. Jera gaɓoɓi da sa hinji da tayoyi mai walda mai hankali zai iya in ya bi littafi, amma murɗa sifirin ka tambaye shi ya taɓa yi? In ya ce bai taɓa ba to kar ya fara koya a gidanka.

Walda_Kofar_Ruwa:
Injiniya da girmanka amma ni wannan maganar tana min ciwo. Kullum sai a nuna mu masu aikin hannu ba mu san komai ba, alhali ƙofar naɗi ta shago da muke ɗaurawa kullum ita ma ai sifirin ne a cikinta, kuma mu muke murɗawa. Ni na ɗaura irin wannan ta garejin a Kano kuma har yau suna aiki lafiya.

Injiniya_Bash:
Oga ban raina sana'arku ba ko kaɗan, ka sake karantawa cewa na yi a tambaye shi ko ya taɓa yi. Kai da ka taɓa ai ka wuce wajen. Ka gaya wa mutane da me ka murɗa?

Walda_Kofar_Ruwa:
To a nan kam mun haɗu. Da sandunan murɗawa guda biyu na ƙarfe ɗanye masu cika ramukan da ke bakin sifirin daf, tsawonsu kamar kamu ɗaya. Wanda ya koya min abin da ya fara hana ni ke nan, kar in kuskura in zura sukudireba ko guntun rodi a ramin, don rodi yana da zane-zane ba ya zama daidai, yana suɓucewa, in ya suɓuce kuma ɗayan sandan ne zai juyo da ƙarfin sifirin duka. Kana zura ɗaya har ƙarshen rami ka ɗaga kwata, ka zura na biyu a ramin ƙasa, sai ka ji ya zauna sannan ka zare na farko, haka haka. Ƙofa mai ƙafa 7 yawanci juyi 7 da rabi ne, wato kwata 30, amma littafin kowace ƙofa shi ne alƙali don gangunan sun bambanta. Kafin ka fara ka ja layi da alli a jikin sifirin tun daga farko har ƙarshe, yana murɗuwa layin yana zama zobe-zobe sai ka ƙirga, don in kana aiki ana maka hira lissafi yana ɓacewa. Kuma tsani a gefe ake kafa shi, kanka da ƙirjinka kar su taɓa zama saitin sandan. Sannan ka danne ƙofar da filaya mai kullewa a jikin layin tayoyin don kar ta tashi da kai in murɗin ya yi yawa. Abban Nana ka tambayi mutuminka waɗannan, in ya amsa ba tare da kame-kame ba to ya sani.

Abban_Nana:
Na gode ƙwarai. Na kira shi yanzu, ya ce ƙofar naɗi ya sha ɗaurawa amma wannan bai taɓa ba, kuma a cikin kwalin ni ban ga wasu sanduna ba.

Walda_Kofar_Ruwa:
Yawwa ya faɗi gaskiya Allah ya yi masa albarka. Da yawa ba sa zuwa da sandunan, masu ɗaurawa ne suke yawo da nasu.

Maman_Ilham:
Ni dai ba injiniya ba ce amma muna da irinta a gidan da muke haya a Abuja, kuma abin da zan ce Abban Nana tunda ka ambaci yara, rimot ɗin nan ka ɗauke shi kamar maganin da ake ɓoyewa. Yara suna ganin ƙofa na hawa da kanta shi ke nan ta zama abin wasa, nawa har tsere suke su wuce ta ƙarƙashi kafin ta rufe, ɗan maƙwabta kuma na taɓa kama shi ya riƙe hannun ƙofar tana ɗaga shi sama ƙafafunsa na lilo, jikina sai da ya yi sanyi. Ga maɓallin bango wanda ya ɗaura ya sa shi daidai inda ɗan shekara huɗu zai miƙa hannu ya danna, sai da maigida ya sa aka ɗaga shi. Wani abu kuma tsakanin gaɓoɓin in tana sauka suna haɗewa, yatsa in ya shiga nan Allah dai ya kiyaye.

Hamza_Houston:
Hajiya ta taɓo inda ya kamata. A nan Amurka kusan kowane gida mai gareji irin ƙofar nan ce, dama asalinta nan ne, wani C.G. Johnson ne ya ƙirƙiro ta a 1921 ya kuma yi mata injin lantarki a 1926. Kuma saboda yaran da ƙofar ta danne suka rasu ne aka yi doka, tun daga farkon 1993 duk injin da za a sayar a ƙasar nan dole ya zo da kariya ta biyu bayan wadda ke cikin injin, shi ne idon nan guda biyu da ake sawa a gindin ƙofa dama da hagu suna kallon juna, abu na gittawa ƙofa ta tsaya ta koma sama. Ƙa'idarsa kar ya wuce inci 6 daga ƙasa, wajen santimita 15, don ya ga yaro ko da rarrafe yake ko ya faɗi. Maɓallin bango kuma ƙafa 5 zuwa sama, kuma a inda mai dannawa yana ganin ƙofar. Akwai gwajin da littafin yake cewa a yi duk wata, ka kwantar da katako tu-bai-fo a ƙasa a tsakiyar ƙofa ka rufe, tana taɓa shi dole ta juya ta koma, in ta tsaya tana dannawa to akwai gyara, kar a ci gaba da amfani da ita haka. Maganar yatsa kuma akwai gaɓoɓin da aka ƙera bakinsu yadda suke turo yatsa waje, ƙofofin Turai irin na Hörmann haka suke, Alhaji ka duba taka wace iri ce.

Sani_Rimi:
Malam Hamza wannan ai dokar Amurka ce, mu nan wa zai zo ya duba.

Hamza_Houston:
Ba wanda zai zo ya duba shi ya sa ma maigida ne zai zama mai dubawar. Nauyin ƙofar ai ɗaya ne a Kaduna da Houston.

Lantarki_Zariya:
Bari in shigo ta ɓangarena. Abban Nana injin naka daga ina aka kawo shi? Ka duba takardar da ke manne a jikinsa. In na Amurka ne irin wanda ake haɗowa a kwantena, wutarsu 120 ce mu kuma tamu 230, kana jonawa kai tsaye ya tafi. Ko ka sa masa tiransifoma mai rage wuta akwai sauran magana don wutarsu sau 60 take bugawa a daƙiƙa tamu 50, wasu injinan sai su riƙa zafi suna nawa. Na Turai da na Turkiyya da na Afirka ta Kudu su ne daidai da wutarmu. Na biyu, allon da ke cikin injin nan ba ya son wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, na canza allo ba adadi saboda haka, ka sa masa abin kariya daga hawan wuta ko ka ɗora shi a layin inbata in kana da sola, ba ya cin wuta sosai tunda aikinsa na 'yan daƙiƙu ne. Kuma a ja masa waya ta ƙasa, ƙofar ƙarfe ce ana taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu in an wanke mota.

Abban_Nana:
Na duba an rubuta 230, Alhamdulillah. To in an ɗauke wuta fa mota na ciki, shi ke nan na makara aiki? Wannan ma yana damuna.

Injiniya_Bash:
Akwai jar igiya da take lilo daga layin injin, kana ja ta raba ƙofar da injin sai ka ɗaga da hannu. Amma a kula, a ja ta lokacin da ƙofa take rufe. In ƙofa tana sama ka ja alhali sifirin ya yi rauni ko ya karye, ba abin da ke riƙe da ita sai injin da ka sake, gaba ɗaya za ta sulmiyo. Kuma a nan ne za ka gane ko an murɗa sifirin daidai: ka ja igiyar ka ɗaga ƙofar zuwa ƙugu ka saki a hankali, in ta tsaya a wajen to aiki ya yi, in ta faɗo murɗin bai kai ba, in ta tashi sama da kanta ya yi yawa. Ƙofar da aka saita daidai mace ma da hannu ɗaya za ta ɗaga. Ranar da aka gama ɗaurawa kar ka biya cikon kuɗi sai an yi wannan gwajin da na katakon da Hamza ya faɗa a gabanka.

Issoufou_Maradi:
Sallama gare ku. Ni tambayata garejin yana da wata ƙofa ta shiga daga cikin gida? Don wani abokina a nan ya gina nashi babu ko taga, ƙofar nan ɗaya ce tal, ran da kuran ya tahi jar igiyar tana ciki shi yana waje, sai da aka jira wuta ta dawo. Akwai wani ɗan makulli da ake hudawa a jikin ƙofar mai waya zuwa igiyar don a saki daga waje, in babu ƙaramar ƙofa a sa shi tun ranar ɗaurawa. Ko a sayi inji mai batir.

Hamza_Houston:
Gaskiya ne Malam Issoufou. A jihar Kalifoniya tun Yulin 2019 doka ta ce duk sabon inji sai mai batir, bayan gobarar daji ta 2017 inda wuta ta ɗauke wasu dattawa suka kasa ɗaga ƙofa su fito da mota. Mu da ɗauke wuta ya zama ruwan dare a gida ai mu muka fi buƙatarsa.

Abban_Nana:
Akwai ƙofa daga kicin zuwa garejin, dama a nan nake so in ajiye janareta ma saboda ɓarayi.

Dr_Hauwa_K:
Innalillahi, Alhaji don girman Allah kar ka yi wannan. Na shigo ne ina karantawa kawai amma wannan ba zan iya shiru ba. Hayaƙin janareta yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ba ya jin komai sai ciwon kai da jiri da kasala ya kwanta barci shi ke nan, mun sha karɓar iyali guda a asibiti ta wannan hanyar wasu ba sa tashi. Ƙofar da ka saya tana da roba a ƙasa da gefe da sama, tana rufewa ruf iska ba ta fita, ga ƙofa zuwa kicin, hayaƙin cikin gida zai bi. Ko an ɗaga ƙofar rabi bai wadatar ba. Janareta a waje nesa da tagogi, a gina masa keji na ƙarfe a sa kwaɗo, mai waldan naka ai wannan aikinsa ne. Haka ɗumama mota da safe, a fara buɗe ƙofa a fito da ita waje.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Dakta, wannan ta fi maganar ƙofar ma muhimmanci.

Abban_Nana:
Na ji Dakta, an fasa in sha Allah. Na gode.

Bello_Dan_Kasuwa:
Ni fa har yanzu ban ga abin da ya kai mutum sayen wannan ƙofar ba, ƙofar naɗi ta shago ta fi arha, kowane lungu akwai mai gyaranta, kayanta na nan a kasuwa. Wannan in taya ɗaya ta fashe sai ka jira a kawo daga Legas. Kuma ɓarawo fa? gwangwani ne da soso a tsakiya.

Walda_Kofar_Ruwa:
Alhaji Bello maganar kayan gyara gaskiyarka ne, shi ya sa nake ce wa masu saye su karɓi tayoyi da hinji da waya na ajiya tun a wajen dila. Amma ta fi ƙofar naɗi shiru nesa ba kusa ba, kuma soson nan yana tare zafi, garejin da ke kallon yamma za ka ji bambanci. Ɓarawo kuma wanda ya riga ya haura katanga ya wuce get, ƙofar naɗin ma ba ta gagare shi ba.

Zee_Gwarinpa:
Ana maganar ɓarayi, a sani in an sa mata sakata ta ciki a tuna a zare kafin a danna rimot. Ƙanin mijina ya danna da sakata a kulle gaɓar sama ta lanƙwashe inda hannun injin yake kamawa. Masu gyaran sun ce in akwai inji gara a cire sakatar gaba ɗaya sai in za a yi tafiya, a sa ta a kuma zare injin daga wuta.

Birkila_Tudun_Wada:
Duk kun yi magana a kan ƙofa ba wanda ya tambayi bangon da za a ɗaura ta. Alhaji gefe da gefen ƙofar nan fila ce ta kankare ko bulo ne kawai aka jera aka yi filasta? Don bulonmu na inci 9 rami ne a ciki, wani ma da hannu kana murmushe shi saboda an yi ƙoron siminti, in ka huda ka sa noti mai buɗewa a ciki ba abin da ya kama sai filasta. Wajen da ya fi haɗari shi ne farantin tsakiya da yake riƙe sifirin a saman ƙofa, duk ƙarfin murɗin nan a kansa yake dare da rana, dole ya shiga cikin lintal na kankare sosai. In babu to a yi firem na ƙarfe mai kauri a kafa shi tun daga ƙasa. Sannan layukan da suke kwanciya a sama wutsiyarsu da injin kansa a jikin dekin ake rataye su ko a jikin ƙarfe ko katakon rufi mai ƙwari, ba a jikin silin POP ba, na ga inda aka yi haka da idona silin ya tsage layin ya sauko taya ta fita ƙofar ta rataye a karkace. Kuma a auna tsakanin saman ƙofa da silin, irin ta yau da kullum tana son wajen ƙafa ɗaya, in bai kai ba akwai wasu layuka daban da ake saye. Daɓen ƙasa ma a sa lebul, gaɓar farko in ta zauna a karkace duk sauran haka za su bi ta.

Injiniya_Bash:
Baba birkila ya gama magana. Wannan nake ƙoƙarin in dawo kai. Kuma ka ga a nan mai waldan Abban Nana yake da aiki babba, firem da maratayan sama shi zai yi su fiye da yaran kamfanin ma. Abu ɗaya dai, kar ya ɗana walda a jikin layukan tayoyin ko bututun sifirin, da noti ake ɗaure su don a iya sassautawa a saita, in aka like da wuta ba gyara kuma zafin yana cinye rufin da ke hana tsatsa.

Walda_Kofar_Ruwa:
Haka ne, hannunmu yana ƙaiƙayin walda amma wannan aikin na sifana ne.

Abban_Nana:
Baba gefen fila ce an zuba kankare, saman ma lintal ne, amma silin an riga an yi POP kuma ba dekin ba ne rufin kwano ne. Ke nan sai an fasa?

Birkila_Tudun_Wada:
Ba duka ba, za a huda inda maratayan za su wuce a kamo katakon rufi, in katakon siriri ne a gitta ƙarfe a kan bango da bango a rataya a jikinsa. Mai POP ya dawo ya toshe. Gara a fasa yanzu da ba kowa a gidan.

Sani_Rimi:
To ni da na ce a ba mai walda ai ga shi an dawo kan maganata, shi zai yi rabin aikin.

Maman_Ilham:
Malam Sani rabin da ba ya karya hannu ba.

Lantarki_Zariya:
Wani abu game da idon da Hamza ya faɗa, a nan matsalarsa ƙura ce. Lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashin sai ƙofa ta ƙi rufuwa tana komawa sama fitila na ƙiftawa, ko rana in ta faɗi ta haske shi kai tsaye, ko tsintsiya ta buge shi ya daina kallon ɗan uwansa. Maimakon a goge da tsumma a daidaita, sai a kira wani ya cire su ya haɗa su fuska da fuska ya naɗe da salatif ya ajiye a saman injin, ƙofa ta koma rufuwa lafiya maigida ya yi murna an gyara, alhali an cire abin da zai ceci yaro ne. Na tarar da haka a gidaje kuma duk inda na gani sai na mayar. Haka in ƙofa ta fara nauyi wasu sai su ƙara wa injin ƙarfi daga maɓallin saiti, wannan ma ganganci ne, ƙa'idar Turai ƙarfin da bakin ƙofa zai buga wa abu kar ya wuce kwatankwacin kilo 40 kuma nan take ta saki, in ka ƙure saitin ka kashe wannan kariyar. Ƙofa in ta yi nauyi sifirin za a duba.

Issoufou_Maradi:
Ƙura kam mu nan mun fi ku. Kuma kar a shafa giris cikin layin tayoyin, ƙura na haɗuwa da shi ya zama kamar kwalta tayoyi su riƙa ja maimakon juyawa. Layi a share shi da busasshen tsumma kawai. Mai kaɗan a hinji da cikin tayoyi in na ƙarfe ne da jikin sifirin, irin na fesawa mai silikon. Baƙin mai na mota da mutanenmu ke zubawa shi ma ƙura yake kira.

Hamza_Houston:
Kuma a sani sifirin yana da wa'adi. Na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000, in gida ana buɗewa sau 4 a rana ka ga wajen shekara 7 ke nan, in kuma yara da masu aiki sun mayar da ita hanyar shiga gida ba zai kai ba. Ranar da ya karye za ka ji ƙara kamar an harba bindiga a garejin, in ka duba za ka ga ya rabu biyu da tazara a tsakani. Daga nan kar a danna rimot kar a ce za a ɗaga da ƙarfi. In guda biyu ne a canza su tare don ɗayan ma ya kusa. Wayoyin gefe kuma a riƙa kallonsu musamman can ƙasa inda ruwa ke taɓawa, in ka ga silin waya ya fara tsinkewa yana tsirowa a kira mai gyara. Ƙarfen da wayar take kamawa a kusurwar ƙasa kar kowa ya kwance notinsa, yana ɗauke da ƙarfin sifirin duka ko da ƙofa na rufe, wasu kamfanonin ma jan fenti suke sa wa notin don gargaɗi.

Bello_Dan_Kasuwa:
To kun ji, shekara 7 a sake neman ɗan Abuja. Ni dai ina nan kan ƙofar naɗi.

Walda_Kofar_Ruwa:
Alhaji Bello ta naɗin ma sifirinta na karyewa ai, ni nake canzawa. Abin da nake gani Abban Nana, ka kira dilan ka ce mutum ɗaya ƙwararre za su turo maimakon tawaga, mutuminka ya riga ya gama firem da maratayai, su jera gaɓoɓi tare, shi baƙon ya murɗa sifirin ya saita inji naka yana kallo yana riƙe masa. Kuɗi ya ragu, kuma gobe in abu ya taso kana da wanda ya gani da idonsa a kusa. Mu ma haka muka koya ba daga littafi ba.

Injiniya_Bash:
Na yarda da wannan, sai dai ka tambayi dilan maganar garanti a rubuce, wasu in ba mutanensu ne suka yi aikin duka ba suna zare hannu. Kuma kallo sau ɗaya ba ya sa mutum ya zama mai murɗa sifirin, Oga kai ma ka san ka daɗe kana riƙe wa maigidanka tsani kafin ya ba ka sanda.

Walda_Kofar_Ruwa:
Wannan kuma gaskiya ne.

Zee_Gwarinpa:
Don Allah tunda masana na nan, tamu in tana sauka gefe ɗaya yana riga ɗaya kaiwa ƙasa, ana ganin haske ta kusurwar hagu, daɓen ne ko ƙofar?

Birkila_Tudun_Wada:
Hajiya ɗora lebul a ƙasan tukuna. In daɓe daidai yake to magana ta koma wajen su Injiniya.

Injiniya_Bash:
In da can tana zama daidai yanzu ta fara haka, waya ɗaya ce ta saki ko ta zame daga kan gangarta. A daina amfani da ita a bar ta a rufe har a duba, kuma kar maigida ya ce zai ja wayar da hannu. Turo hoton gangunan biyu na sama in gani.

Abban_Nana:
Na yi magana da dilan, ya ce mutum ɗaya ba zai yiwu ba sai biyu, amma ya yarda mai waldana ya yi firem in zai bi awon da za su turo, garanti kuma ya ce sai ya tambayi ogansa. Baba birkila in na turo maka hoton katakon rufin za ka iya gane ko zai ɗauka ko sai an gitta ƙarfen?

Birkila_Tudun_Wada:
Turo, amma ka sa a ɗauka daga cikin silin da fitila, a kuma auna min kaurin katakon da tazarar da ke tsakaninsu.